Injin iska a cikin gida: abin da mai sana'a a Parakou ya kamata ya sani

Injin iska, wanda wasu ke kira kwamfuresa daga sunansa na Turanci da Faransanci, na'ura ce da ke zuƙo iskar waje, ta matse ta, ta tara ta a cikin tankin ƙarfe har lokacin da za a buƙace ta. Da wannan iskar mai faci ke cika taya, mai fenti ke fesa ƙofa da taga, bakanike ke kwance noti, kafinta ke harba ƙusa.

A Parakou, babban birnin jihar Borgou, sana'ar taya ba ƙarama ba ce. A nan layin dogo da ya taso daga Kwatano ya ƙare, kuma ta nan manyan motoci ke bi zuwa Malanville a kan iyakar Nijar, wasu kuma su karkata yamma zuwa Djougou. Ga kuma dubban baburan haya, zemijan, da ba su kwana biyu ba tare da neman iska ba. A unguwanni irin su Kpébié da Zongo, yawancin ƙananan wuraren sana'a rumfa ce a ƙofar gida, ko zaure, ko wani lungu a tsakar gida. Wato injin yana zaune ne inda yara ke wasa, inda ake girki, bango ɗaya kuma tsakaninsa da ɗakin kwanan maƙwabci.

Abin da ke damun mutane da injin nan ƙararsa ce. Amma ɓangaren da ke yin ƙara, wato mota da famfo, da wuya ya kashe mutum. Wanda ke kisa shi ne tankin, kuma shi ba ya cewa uffan sai ranar da ya fashe.

Yadda yake aiki

Ƙananan injunan da ake samu a kasuwa kusan duk masu fistin ne. Motar lantarki ko ƙaramin injin fetur yana juya famfo, fistin ya sauka ya jawo iska ta cikin matacin iska, ya hau ya tura ta cikin tanki ta wani bawul da ke barin iska ta shiga amma ba ya barin ta dawo. Ana auna ƙarfin iskar da ma'aunin "bar". Bar 1 daidai yake da nauyin kusan kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita. Gejin da ya zo ta Najeriya kan nuna "psi", kuma bar 1 kusan psi 14.5 ne. Yawancin ƙananan injuna suna kashe kansu idan iska ta kai bar 8, su sake tashi idan ta sauko wajen bar 6. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar bar 2 zuwa 2.5, ta babur ma wajen haka, ta babbar mota kuwa bar 7 zuwa 9.

Abubuwa uku ne ke tsare tankin daga wuce iyaka: makunnin da ke kashe mota idan iska ta cika, gejin da ke nuna wa mutum abin da ke ciki, da kuma ƙaramin bawul na tagulla mai zobe, wanda masu Faransanci ke kira soupape. Shi wannan na ƙarshe ba ya aiki sai ranar da makunnin ya lalace, mota ta ci gaba da turi. A ranar ne yake buɗewa ya zubar da iskar da ta wuce kima. Sau da yawa idan ya fara yoyo sai a cire shi a toshe ramin da noti don injin ya daina "ɓarnar iska". Babu gangancin da ya kai wannan a duk sha'anin injin iska. Bawul ɗin da ke yoyo sabo ake saya masa mai lamba ɗaya da shi, kuma mai kyau ma ana ɗan jan zobensa lokaci zuwa lokaci, da iska a tanki, a tabbatar bai maƙale ba.

Ruwan da ke kwana a tanki

Wanda bai saba ba yakan yi mamaki idan aka kwance famfon da ke ƙarƙashin tanki ya ga jan ruwa yana fita. Ba wanda ya zuba shi. Daga iska ya fito.

Lissafin mai sauƙi ne. A zafin digiri 30, iskar da ta cika mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi tana iya riƙe ruwa kusan giram 30. A ranar damina mai laima, a ce tana ɗauke da giram 24. Idan injin ya matse iska zuwa bar 8, ya cusa abin da ke cikin irin wannan ma'auni tara a cikin guda ɗaya. Ruwan da ya shigo ya zama giram 216, wurin kuma ba ya iya riƙe fiye da 30 idan ya huce. Sauran sai ya sauka ya kwanta a gindin tanki. Injin da ke zuƙar lita 200 a minti, idan aka haɗa lokutan da ya juya a yini suka kai awa ɗaya, zai tara kusan rubu'in lita. A wurin mai fenti da injinsa ke juyawa tun safe, ruwan ya fi haka nesa ba kusa ba.

Damina a Parakou takan ɗauki wajen wata shida, daga Afrilu ko Mayu zuwa Oktoba, ta fi ta Kano da Maraɗi tsawo da laima. Saboda haka wanda ya koyi sana'a a arewa, inda mako guda ba a zubar da ruwa ba abin bai cika nunawa ba, bai kamata ya taho da wannan al'adar nan ba. A damina kullum ake zubarwa, da yamma idan an tashi aiki. A rage iskar har ta sauko wajen bar 1 ko 2, a buɗe famfon ƙasa a hankali, a ɗan karkata tankin idan ƙarami ne, a bar shi har sai iska kaɗai ke fita. Idan aka buɗe ba abin da ya fito, wannan ba albishir ba ne. Galibi tsatsa ce ta toshe ramin. Launin ruwan ma labari ne. Ruwa mai ɗan ja ba abin tsoro ba ne, amma idan ana ganin ɓarɓashin ƙarfe kamar dusa, tankin yana cin kansa ne daga ciki.

Dalilin da ya sa abin ya kai a damu shi ne ƙarfin da ke daure a ciki. Tankin lita 100 mai faɗin santimita 35, idan yana kan bar 8, murfin kowane gefensa yana ɗauke da turi na kusan tan 8. Idan ya tsage gaba ɗaya, ƙarfin da zai saki ya yi kusa da na mota mai nauyin tan 1 da ke gudun kilomita 50 a awa. Kaurin ƙarfen irin wannan tanki kuwa milimita 2 zuwa 3 ne kawai. Tsatsa tana cin sa daga ciki, a ƙasa, inda ido ba ya gani, fentin waje kuma yana nan yana sheƙi.

Alamar farko yawanci ɗan ƙaramin rami ne a gindi, kamar na allura, yana fitar da iska ko kumfa. A nan ake yin kuskuren da ya fi yawa: a kai wa mai walda ya ɗiga masa wuta. Ramin allura ba ciwon wuri ɗaya ba ne. Yana nufin duk ƙarfen da ke kewaye da shi ya zama siriri, zafin walda kuma yana ƙara raunana shi. Tankin da ya huda ya gama aikinsa. A cire mota da famfo a ɗora kan wani, shi kuma a yanka shi gida biyu don kada wani ya tsince shi a wurin masu gwangwan ya mayar da shi bakin aiki. Rabinsa yana yin kyakkyawan kwamin shayar da awaki.

Masu binciken tankuna a masana'antu da ruwa suke gwaji, ba da iska ba. Suna cika tankin da ruwa, su tura shi zuwa kusan ninki ɗaya da rabi na ƙarfin da aka rubuta masa. Ruwa ba ya matsuwa, don haka idan tankin ya gaza sai ya tsage ya yi yoyo kawai. Gwada tsohon tanki da iska, a tsaya kusa ana kallon geji, caca ce da rai.

Haɗin gida

Ba kowa ke da kuɗin sabon inji ba, kuma kanikawan yankin nan gwanaye ne wajen haɗa abu daga ragowar wani. Ana ganin famfon iskar burkin babbar mota an haɗa shi da injin fetur, ana ganin tukunyar gas ta zama tanki, ana ganin motar firji tana cika taya. Dabarar abin yabo ce, amma akwai inda take cizo. Motar firji shiru take aiki, shi ya sa ake son ta, sai dai tana iya tura iska ta wuce bar 20 ba tare da ta tsaya ba, idan ba a sa mata makunni da soupape ba. Tukunyar gas kuma ba ta da famfon zubar da ruwa, sannan huda ta ko yi mata walda da sauran gas a ciki ya isa ya tashi da mutum. Tankin iskar burki na babbar mota ya fi dacewa, tunda don wannan aikin aka ƙera shi kuma yana da wurin zubar da ruwa, matuƙar bai riga ya ruɓe ba. Bututun roba mai tauri na ruwan famfo, PVC, ba a jan layin iska da shi: idan ya fashe tarwatsewa yake yi kamar kwalba.

Wuta

Wutar da kamfanin SBEE ke bai wa gidaje volt 220 ce. Mota mai ƙarfin doki 2, wato kilowat 1.5, tana jan kusan amfiya 7 zuwa 8 idan tana tafiya, amma a daƙiƙar da take tashi tana jan ninki biyar ko fiye. Shi ya sa ƙwan fitila ke dusashewa a duk gidan idan injin ya kama. Idan wuta ta yi rauni, kamar yadda takan yi da yamma a ƙarshen layi, mota takan tsaya tana gurnani ba ta juya ba. Duk daƙiƙar da aka bar ta a haka wayoyin cikinta dahuwa suke yi. A kashe nan take. Idan wuta lafiya lau take amma gurnanin bai daina ba, yawanci kwandansa ce ta mutu, kuma canjinta ya fi sake naɗin mota araha ƙwarai.

Doguwar siririyar waya ita ma tana rage ƙarfin wuta. Ƙa'idar da masu aikin suka sani ita ce a ƙara tsawon tiyo, kada a ƙara tsawon waya. Injin ya zauna kusa da soket ɗinsa shi kaɗai, da waya mai kaurin milimita 2.5, da wayar ƙasa mai aiki, domin jikinsa duk ƙarfe ne kuma a ƙasa mai damshi yake tsaye.

Akwai wani ƙaramin abu da ake yawan rainawa. Idan injin ya cika ya tsaya da kansa, ana jin ɗan "fsss" na daƙiƙa ɗaya. Iskar da ta rage a kan fistin ce ake saki, don mota ta tashi ba kaya a kanta. Wanda ya kashe inji ta hanyar zare waya daga soket ya hana wannan faruwa. Haka ma idan an ɗauke wuta yana cikin aiki. Saboda haka da an ɗauke wuta a danna makunnin jikin injin a kashe, kafin ta dawo ta same shi da kaya. Mai amfani da janareta kuma ya sani cewa wanda ƙarfinsa ya yi daidai da na motar ba zai tashe ta ba, sai mai ninki biyu zuwa uku.

Masu faci da yawa sun gwammace injin fetur, irin Honda GX160 da kwafinsa na Sin, don ba ruwansu da ɗaukewar wuta. Farashin kpayo, fetur ɗin kwalba da ke shigowa daga Najeriya, ya yi tsalle tun da aka cire tallafin mai a can a watan Mayun 2023, wasu suka koma lantarki. Wanda bai koma ba, injinsa a waje yake zama. Hayaƙin fetur yana ɗauke da iskar guba marar wari da ke kashe mutum a rufaffen ɗaki yana zaune, kuma kwalaben mai ba su da wurin zama kusa da salansa mai zafi.

Mai, ƙura da bel

Abin da damina ke yi wa tanki, hunturu yana yi wa famfo. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar da iska ke kawowa, haɗe da jar ƙasar titunan da ba kwalta, tana toshe matacin iska cikin ƴan kwanaki. Idan ya toshe injin yakan daɗe bai cika ba, ya yi zafi. Cire shi a yar, kamar yadda wasu ke yi, yana mayar da ƙurar takardar goge ƙarfe a cikin silinda. A buɗe a karkaɗe duk mako, na soso a wanke a shanya, na takarda a canja idan ya yi baƙi.

Famfo mai amfani da mai yana da ɗan gilashi a gefe da jan ɗigo a tsakiya, nan ne matsayin mai. Akwai man da aka yi don kwamfuresa, mai lamba ISO 100 ko SAE 30 marar sinadarin wanki. Baƙin man mota yana barin gawayi a kan bawul, wanda aka juye daga wata mota kuwa bai ma cancanci a ambata ba. Mai da ya koma fari kamar madara ruwa ne ya shige shi. Bel idan aka danna tsakiyarsa da yatsa ya sauka kamar santimita 1, ya yi daidai. Ragar da ke rufe shi kuma a mayar da ita bayan kowane gyara, musamman a gidan da ake yawo da babbar riga da mayafi, kuma injin yana tashi da kansa ba tare da sallama ba.

Ƙara da haƙƙin maƙwabci

Ana auna ƙara da desibel. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sa iyaka a desibel 85 na awa 8 a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1. Ƙananan injunan da ba su amfani da mai, waɗanda fistin ɗinsu ke haɗe kai tsaye da mota mai juyi kusan 2,850 a minti, sukan kai 90 ko su wuce. Mai bel yana tafiya a hankali, sautinsa ya fi kauri kuma ya fi sauƙin jurewa, ga shi ya fi daɗewa. Akwai kuma sababbin da ake sayarwa da sunan marasa ƙara, masu juyi wajen 1,400, da ke tsayawa tsakanin 60 da 70. Sun dace da kafinta ko mai gyaran babur a cikin gida, amma iskarsu ba ta isar mai fentin mota ko mai tayar tirela. Ji da ƙara ta lalata ba ya dawowa, kuma ƴan koyo, waɗanda suka fi kowa zama kusa da injin, su ne ba a saya wa abin toshe kunne.

A Jamhuriyar Benin batun ya wuce ladabi kawai. Dokar da gwamnati ta fitar a watan Mayun 2022 kan hayaniya ta ƙayyade ƙarar da aka yarda da ita a unguwannin zama, ta kuma tsananta a lokacin hutun rana, daga ƙarfe 1 zuwa 3, da kuma dare daga ƙarfe 10. Mai hankali yakan cika tankinsa kafin azahar, ya kashe makunni idan ya tashi aiki. Injin da aka bari a kunne, idan akwai ɗan yoyo a tiyo, tsakar dare zai tashi da kansa, kuma ƙarar ƙarfe 3 na dare ta fi ta yini guda ɓata zumunci. Ruwan sabulu a kan mahaɗai yana nuna inda yoyon yake.

Hanyar rage ƙara mafi araha ita ce nisa. A fili, duk lokacin da aka ninka tazara ƙara tana raguwa da desibel 6: abin da yake 90 a mita 1 zai zama kusan 72 a mita 8. Sai girgiza. Wani ɓangare na abin da maƙwabci ke ji ta cikin siminti da bango yake zuwa masa, ba ta iska ba. Yankakkiyar tsohuwar taya a ƙarƙashin ƙafafun injin tana yanke wannan, kuma mai faci ba ya rasa ta. Kada a ɗaure ƙafafun tam da siminti ba roba a tsakani, domin girgizar tana komawa kan waldar ƙafafun ta tsaga tanki. Kada kuma a jingina shi da bango ko a ajiye shi a kusurwa ƙarƙashin kwano, inda sauti ke dawowa ninki. Wani kaso mai yawa na ƙarar daga bakin zuƙar iska yake fita. Ƙara masa tiyo mai faɗi, a kai matacin waje inda ba ƙura, yana sassauta shi.

Akwatin rufe inji yana aiki, amma a nan ne neman shiru ke haifar da matsala. Famfo da iska yake hucewa, kuma a watan Maris zafin Parakou yana kusantar digiri 40 a inuwa. Akwatin katako da aka lulluɓe da katifar soso ba ƙofar iska tanda ce, soson kuma yana kama wuta. Ɗan ɗaki na bulo ya fi, da tazarar rabin mita ko fiye a kowane gefe, da mashigar iska a ƙasa da mafita a sama, kowace a lanƙwashe yadda sauti ba zai fita kai tsaye ba. Kuma a bar hanyar da hannu zai kai ga famfon zubar da ruwa cikin sauƙi. Injin da aka ɓoye inda sai an durƙusa an laluba, ba a zubar masa da ruwa.

Iska da jikin mutum

Kaɗe ƙurar riga ko ta gashi da tiyo al'ada ce a gareji, kuma mummuna ce. Iska mai bar 6 tana tura tsakuwa cikin ido, tana fasa dodon kunne, tana shiga ƙarƙashin fata ta wurin rauni. Dokar aiki a Amurka ba ta yarda a yi shara da iskar da ta kai psi 30 ba, wato kusan bar 2. Wasan da ƴan koyo ke yi na nuna wa juna tiyo ta baya ya sha kashe mutane a ƙasashe daban-daban, domin iskar tana ratsa wando ta fasa hanji. Wannan magana ce da maigida zai gaya wa yaro ranar da aka kawo shi, ba bayan abin ya faru ba.

Tayar babbar mota, musamman mai wili da zobe, ita ma tanki ce, kuma ba ta da soupape. Ana cika ta ne a cikin keji na ƙarfe, ko aƙalla da kan tiyo mai maƙalewa da kansa, mutum yana tsaye daga gefen da take taka ƙasa, ba a gaban fuskarta ba. Ba a yi wa wili walda da taya a jikinsa, ko da an sace iskar. Mai fenti kuma ya nisanta injin daga inda yake fesawa, saboda tartsatsin makunni da tururin tina ba su haɗuwa, sannan ya sa matarar ruwa a kan layi idan ba ya son fentinsa ya yi ƙuraje.

Da yawa daga cikin injunan da ke aiki a Parakou da Djougou na hannu ne, sun shigo ta tashar jirgin ruwan Kwatano ko ta iyakar Najeriya. Mai saye yakan sa a kunna ya saurari mota, alhali mota ana gyara ta. Abin dubawa shi ne ƙaramin allon ƙarfe da ke jikin tanki, mai ɗauke da shekarar ƙira, da yawan lita, da iyakar ƙarfin da aka yarda masa, wanda a kayan Turai ake rubutawa da haruffan PS. A kwance babban noti na gefe a haska tocila ciki, a ƙwanƙwasa gindin a ji ko sautin ya bambanta da na sama. Tankin da ba shi da allo, ko wanda aka yi wa sabon fenti a ƙasa kawai, ko mai tabon walda a ciki, kuɗin motarsa da famfonsa kaɗai ake biya.